Sharhi: Zakaran da ya rasa gurbi, da makomar wasannin ƙarshen shekara a ƙwallon jami'o'in Amurka

A daren Asabar 6 ga Disambar 2025, a birnin Charlotte, ƙungiyar Jami'ar Duke ta doke ta Jami'ar Virginia da maki 27 da 20 bayan ƙarin lokaci, ta ɗaga kofin rukunin ACC. Rabon da ta riƙe wannan kofi ita kaɗai tun 1962. Washegari da rana kwamitin da ke tantance ƙungiyoyi 12 da za su fafata a gasar neman zakaran ƙasa ya karanto sunaye, babu Duke a ciki. Miami, wadda suke rukuni ɗaya kuma ko wasan ƙarshe na rukunin ba ta kai ba, ita ta samu shiga. Kafin faɗuwar rana Notre Dame, wadda ita ma aka bari a waje, ta sanar da cewa ba za ta buga kowane wasan ƙarshen shekara ba, duk wanda ya gayyace ta.

Waɗannan abubuwa uku da suka faru cikin kwana guda sun isa su nuna inda wasan ya dosa. Kofin rukuni, wanda shekaru da dama shi ne abin da ɗalibai da magoya baya ke rayuwa dominsa, yana rasa ƙimarsa. Wasannin ƙarshen shekara da ake kira Bowl suna bin sa a baya. Ikon yanke hukunci kuma ya tattaru a hannun rukunai biyu mafiya arziki da gidajen talabijin da ke biyan su.

Yadda aka tsara wasan

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga: ƙwallo mai siffar ƙwai, hular kwano, da ture-ture. A jami'a aka haife ta. Karawar farko an yi ta ne a 1869 tsakanin Rutgers da Princeton, shekaru da dama kafin a kafa gasar ƙwararru ta NFL. Har yau a jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu ƙungiyar NFL, ƙungiyar jami'ar jiha ita ce tutar jama'a. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 107,000, ya fi kowane filin ƙwallo a Turai girma.

Jami'o'i sama da 130 ne ke matakin farko, an kasa su rukuni-rukuni. Huɗu daga ciki su ne manya: Big Ten, SEC, Big 12 da ACC. A 2025 akwai ƙananan rukunai biyar a ƙarƙashinsu, sai 'yan tsiraru masu zaman kansu, waɗanda Notre Dame ce mafi shahara a cikinsu. Kowace ƙungiya na buga wasa 12 daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, sannan biyun farko a kowane rukuni su kara don fitar da zakara. Wanda ya saba da gasar Firimiya ta Ingila zai lura da babban bambanci guda: a nan babu faɗawa ƙasa, babu hawa sama. Ƙungiya ba ta shiga babban rukuni da yawan nasara. Gayyatar ta ake yi, kuma abin da masu gayyata ke dubawa shi ne yawan 'yan kallon da za ta jawo wa talabijin.

Bayan an gama wannan sai wasannin Bowl. Sunan ya samo asali ne daga siffar filin Rose Bowl da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, wanda aka gina kamar akushi. A wannan gari aka buga irinsa na farko a 1902, inda Michigan ta lallasa Stanford da 49 da nema. Manufar tun asali ita ce biki: a kai ɗalibai gari mai ɗumi lokacin hunturu, birnin ya samu baƙi, ƙungiyar da ta yi abin kirki ta samu tukuici. Yau irin waɗannan wasanni sun kai kusan 40, kuma nasara shida daga cikin 12 ta isa ƙungiya ta cancanci gayyata.

Abin da ya faru a rukunai huɗu

A Big Ten, Indiana ta doke Ohio State da 13 da 10 ta kammala kakar ba tare da an ci ta ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne labari mafi daɗi na shekarar. Indiana na cikin jami'o'in da suka fi shan kashi a tarihin wasan, kuma rabonta da riƙe kofin rukunin ita kaɗai tun 1945. Kocinta Curt Cignetti ya karɓi aiki ne a ƙarshen 2023, ya taho da 'yan wasa da dama daga tsohuwar ƙungiyarsa James Madison. Amma ita Ohio State da aka doke ba ta yi asarar komai ba: ta sauka daga matsayi na 1 zuwa na 2, kuma ta samu hutun zagayen farko kamar yadda Indiana ta samu.

A SEC, Georgia ta casa Alabama da 28 da 7. Wannan ne karo na uku da aka doke Alabama a kakar, amma kwamiti ya bar ta a matsayinta na 9, ta shiga gasar. A Big 12 kuwa Texas Tech ta doke BYU da 34 da 7, sai kwamitin ya sauko da BYU mataki guda, ta tsaya a waje da nasara 11 da rashin nasara 2. Ƙungiyoyi biyu sun sha kashi mai yawa a rana ɗaya a irin wasa ɗaya, aka hukunta ɗaya aka ƙyale ɗaya. Wadda aka ƙyale ta fito ne daga rukunin da ya fi ƙarfin faɗa-a-ji.

Rikicin ya fi ƙamari a ACC. Virginia ce ta zo ta ɗaya, sai ƙungiyoyi biyar suka yi kunnen doki a matsayi na biyu: Duke, Miami, Georgia Tech, Pittsburgh da SMU, kowace da nasara 6 da rashin nasara 2 a cikin rukuni. Da yake rukunin na da ƙungiyoyi 17 kuma kowace wasa takwas kawai ta buga da 'yan uwanta, yawancinsu ba su haɗu ba. Sai aka koma lissafin ƙarfin abokan karawa, ya faɗa kan Duke, wadda aka doke sau biyar a kakar baki ɗaya. Dokar gasar ƙasa a kakar 2025 ta ce zakarun rukunai biyar mafiya matsayi ne ke samun gurbi kai-tsaye, ba ta ambaci sunan wani rukuni ba. Tulane da James Madison, zakarun ƙananan rukunai biyu, sun fi Duke matsayi, don haka su suka shiga. Tulane ma ta doke Duke a watan Satumba.

Da an bar lamarin haka, da ACC ta tashi babu wakili ko ɗaya. A nan ne Miami ta shigo. Makonni kwamitin ya yi yana ajiye Notre Dame a saman Miami, duk da cewa Miami ta doke ta da 27 da 24 a wasan buɗe kaka. A ƙarshen makon nan babu wadda ta buga wasa a cikinsu, amma jerin ƙarshe ya juye. Shugaban kwamitin, Hunter Yurachek, ya bayyana cewa saukar BYU ce ta sa ƙungiyoyin biyu suka dawo kusa da juna, daga nan sakamakon karawarsu ya yi aiki. Hujjar tana da tushe, domin wanda ya doke ka ya fi ka. Matsalar ita ce sakamakon nan yana nan tun watan Agusta, kwamitin bai ga nauyinsa ba sai ranar da wani babban rukuni ke buƙatarsa.

Kuɗin da ya sake zana taswira

Tushen wannan ruɗani yana komawa ga wani hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1984. Kafin lokacin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ce ke sayar da haƙƙin haska wasanni a madadin kowa. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, kotu ta ce tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Daga nan kowane rukuni ya fara ciniki da gidajen talabijin da kansa, kuma darajar jami'a ta koma yawan idanun da take kawowa.

A 2022 Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 7. A 2024 taswirar ta sauya gaba ɗaya. Texas da Oklahoma suka koma SEC. USC, UCLA, Oregon da Washington suka koma Big Ten, wadda duk da sunanta na nufin goma, yanzu ƙungiyoyi 18 gare ta. Rukunin Pac-12 mai tarihin sama da shekara 100 ya watse, ya rage jami'o'i biyu kacal. Stanford da California, waɗanda ke gaɓar tekun Fasifik, sun tsinci kansu a rukunin da sunansa ke nufin gaɓar tekun Atilantika. Ɗalibin da ke da aji ranar Litinin yana iya tsallaka faɗin Amurka a jirgi don buga wasa ɗaya.

Rukunin da ya kumbura haka ba zai iya fitar da zakara ta hanyar da kowa zai yarda ba, domin mambobinsa ba sa haɗuwa da juna. Abin da ya faru da Duke sakamako ne kai-tsaye na wannan kumburi. A Turai, lokacin da manyan ƙungiyoyi 12 suka yi yunƙurin kafa gasar Super League a Afrilun 2021, magoya baya sun fito kan titi, shirin ya rushe cikin kwana biyu. A Amurka an cimma kusan abu iri ɗaya sannu a hankali, jami'a bayan jami'a, ba tare da wata rana guda da jama'a za su taru su ƙi ba.

Gasar ƙasa ma ta bi wannan hanya. Daga 2014 zuwa 2023 ƙungiyoyi huɗu ne ke shiga, aka faɗaɗa zuwa 12 a 2024. Gidan ESPN ya sayi haƙƙin haska ta na shekara shida a kan dala biliyan 7.8. A sabon rabon da aka tsara daga 2026, Big Ten da SEC za su kwashe fiye da rabin kuɗin, kowace kusan kashi 29 cikin 100, kuma su ne ke da babbar murya kan yadda za a sake fasalin gasar. ESPN ɗin nan shi ne kuma ke riƙe da haƙƙin wasannin SEC da ACC, shi ke haska sanarwar jerin kwamiti kowane mako, kuma ya mallaki wasu daga cikin ƙananan wasannin Bowl. Ko da babu wanda ya yi maguɗi, tsarin da mai saye da mai talla da mai shela duk mutum ɗaya ne ba zai rabu da zargi ba.

Wasannin Bowl a kan siraɗi

Manyan wasannin Bowl guda shida sun tsira, domin an mayar da su zagaye-zagayen gasar ƙasa. Sauran su ne ke cikin wahala. Notre Dame ta ga cewa wasan da ba zai kai ta ga kofi ba bai cancanci wahalar 'yan wasanta ba. Kansas State da Iowa State, waɗanda ke cikin sauyin koci, su ma sun ƙi zuwa, rukunin Big 12 ya ci tarar kowace dala 500,000. Masu shirya wasannin suka koma neman ƙungiyoyin da ba su ma kai nasara shida ba, irin su Rice da Mississippi State, don cike gurbi.

Tun kafin jami'o'i su fara ƙin zuwa, 'yan wasa ne suka fara. A Janairun 2016 Jaylon Smith na Notre Dame, wanda ake sa ran zai kasance cikin na farko-farko da NFL za ta ɗauka, ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan Fiesta Bowl, darajarsa ta faɗi. A ƙarshen shekarar Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na LSU suka ƙi buga nasu wasannin. An zarge su da son kai a lokacin, yau kuwa abin ya zama ruwan dare. Misali mafi muni shi ne na Florida State a 2023. Ta ci wasanninta 13 duka, ta ɗauki kofin ACC, amma kwamiti ya cire ta saboda jagoran harinta Jordan Travis ya karye a ƙafa, aka ba Alabama gurbin. Manyan 'yan wasanta da dama suka janye daga Orange Bowl, Georgia ta ci ta 63 da 3.

Ƙananan wasannin sun koma neman hankalin jama'a da barkwanci. A Duke's Mayo Bowl ana juye wa kocin da ya yi nasara bokitin mayonis a ka. A Pop-Tarts Bowl ana cinye kek mai siffar ɗan tsanar kamfanin bayan tashi. Mutane na kallo, talabijin na samun abin haskawa a lokacin hutun Kirsimeti, shi ya sa ba za su mutu gobe ba. Ga ƙaramar jami'ar da ta yi shekaru ba ta kai nasara shida ba, gayyatar tana da ma'ana ta gaske: ƙarin makonnin atisaye, tafiya, da suna. Amma ga manya, wasan ya zama abin ta'aziyya.

'Yan wasa, kotu da 'yan siyasa

Shekaru sama da 100 dokar NCAA ta hana a biya 'yan wasa komai bayan kuɗin karatu, da hujjar cewa ɗalibai ne. Kociyoyi na karɓar miliyoyi, rukunai na karɓar biliyoyi, matasan da ke karya ƙashi a fili, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne, ba su da rabo. Kotu ce ta sauya wannan. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su samu kuɗi ta hanyar tallata sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sasanci da ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Duk da haka ba a ɗauke su a matsayin ma'aikata ba, ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta zauna a teburin da ake ƙara yawan wasanni. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe tana iya buga wasa 16 ko 17 a kaka, daidai da na ƙwararru. A kwatanta da kociyoyi: LSU ta kori Brian Kelly a Oktoban 2025 da bashin sallama na kusan dala miliyan 54. Gwamnan jihar Luwiziyana, Jeff Landry, ya fito fili ya ce daraktan wasannin jami'ar ba shi zai zaɓi sabon koci ba, kuma ba a jima ba daraktan ya bar kujerarsa. Wanda aka ɗauko shi ne Lane Kiffin, wanda ya bar Ole Miss a ƙarshen Nuwamba, ana saura makonni kaɗan ƙungiyar ta buga gasar ƙasa karon farko a tarihinta. Idan ɗan wasa ya janye ana ce masa maci amana, idan koci ya tafi sai a kira shi ci gaban sana'a.

Shigar 'yan siyasa tana da dalili, domin yawancin waɗannan jami'o'i mallakin jihohi ne kuma magoya bayansu masu ƙuri'a ne. Lokacin da aka cire Florida State, gwamna Ron DeSantis ya nemi a ware dala miliyan 1 don yiwuwar shiga kotu, Sanata Rick Scott ya rubuta wa kwamitin wasiƙar neman bayani. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan wani umarni game da wasannin jami'o'i. Tommy Tuberville, tsohon kocin Auburn, sanata ne mai wakiltar Alabama. Abin da manyan rukunai ke nema daga Majalisar Dokoki shi ne kariya daga ƙararrakin babakere da kuma doka da za ta tabbatar 'yan wasa ba su zama ma'aikata ba.

Abin da ya biyo baya

An buga zagayen farko a ranakun 19 da 20 ga Disambar 2025 a filayen jami'o'in da suka fi matsayi: Alabama ta ziyarci Oklahoma, Miami ta je Texas A&M, Tulane ta je Ole Miss, James Madison ta je Oregon. Indiana, Ohio State, Georgia da Texas Tech sun jira a zagaye na gaba, a Rose, Cotton, Sugar da Orange Bowl. An buga wasan ƙarshe a ranar 19 ga Janairun 2026 a filin Hard Rock da ke kusa da birnin Miami. Hutun zagayen farko ba tabbas ba ne na alheri: a kakar 2024 duka huɗun da suka huta an fitar da su a wasansu na farko, Ohio State kuma, wadda ba ta kai wasan ƙarshe na Big Ten ba, ita ta ɗauki kofin ƙasa.

Wasannin Tulane da James Madison sun kasance da nauyin da ya wuce na maki. A lokacin ana ganin cewa idan aka yi musu mugun ci, masu son a rage wa ƙananan rukunai gurbi za su samu hujja a daidai lokacin da shugabannin Big Ten da SEC, Tony Petitti da Greg Sankey, ke ja-in-ja kan faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 16 ko fiye. A ƙarshen 2025 Big Ten na son a ware wa manyan rukunai gurabe da yawa tun kafin a buga ƙwallo, SEC kuma ta fi karkata ga a bar wa kwamiti yawancin zaɓin. Duk wanda ya yi rinjaye, kowane ƙarin gurbi zai ƙara rage darajar kofin rukuni, ya kuma ƙara janye ƙungiyoyi masu kyau daga ƙananan wasannin Bowl.

Ita kuwa Duke, zakaran ACC, ta tafi garin El Paso a jihar Texas ta kara da Arizona State a Sun Bowl ranar 31 ga Disambar 2025, yayin da Miami, wadda ta bari a baya a teburin rukuni, ke neman kofin ƙasa.